Gida na Takwas

Tungar Rimi, ta wajen Kajiji
Watan Fabrairu

Zuwa ga Yayana Malam Lirwanu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya, kai da Rashida da yaran, da ɗaliban nan naka da kake ta fama da su a kan lissafi. Mu nan sai godiya. Inna tana gaishe ka. Ƙafafun nata dai sai a hankali, yanzu ko bayan gida za ta sai na riƙe ta, kuma wankin shimfiɗarta ya zama na kullum. Ni ma jikina ya fara nauyi, ka gane abin da nake nufi, kada ka sa in faɗa.

Na rubuto ne maimakon in kira, don ka san sabis ɗin garin nan sai an hau tudun filin Idi, kuma duk wanda ya hau da waya a kunne, kafin ya sauko rabin gari sun ji abin da ya ce. Jamilu ɗan kabu-kabu yana shiga Boɗinga ranar kasuwa, shi zai riƙa kai maka, shi zai riƙa dawo mini da amsa.

Ga maganar. Rijiyar bakin masallaci ta ƙafe tun sanyi bai wuce ba. Yanzu sai rijiyar makiyaya ta bakin fadama, in na fita da hantsi da jakin aro, sai rana ta take nake dawowa, kuma abin da na kawo ba ya kai mu dare.

To, wata ƙungiya daga Sakkwato ta ba garinmu burtsatse guda ɗaya, mai sola da tanki. Masu awo sun zo da na'urarsu sun ce akwai ruwa a ƙasa tun daga nan har tudu, mu dai mu nuna musu inda za su haƙa. Nuna wurin ne ya hana gari zaman lafiya. Mu nan gida goma ne manne da juna. Bappa Mainasara da 'ya'yansa gida biyar ne can kan tudu, inda suka koma saboda shanu, kuma ka san nisan da ke tsakaninmu da kwazazzabon da ya raba mu. Bappa ya ce a sa a tsakiya. Mutanen nan suka ce tsakiyar mutane ko tsakiyar daji? Har an fara tono maganar gonar kakanni, sai Liman ya ce tunda Allah ya ba garin nan ɗa mai koyar da lissafi, a miƙa masa. Abin da ka rubuta wa ƙungiyar shi ke nan, babu mai ƙara magana. Kowa ya yarda, har Bappa, aka shafa Fatiha a kai.

Yaya, ban ce ka yi son kai ba. Amma ina so ka san abin da ke rataye da wannan famfo. Maigidana ya bar ni a gidan Baba ne don in kula da Inna, shi yana can Shagari wajen sana'arsa. Ya gaya mini in damina ta kama ina cikin wannan jigilar ruwa da wannan jikin, zai zo ya ɗauke ni, kuma ban ga laifinsa ba. Ka san Inna ba za ta zauna gidan suruki ba. In na tafi, sai dai a kawo maka ita Boɗinga. Na taɓa mata maganar kamar da wasa, ta juya fuska bango ta ce: "Ɗakin ga anka kawo ni ina amarya, nan ubanku yac cika. Ba ni zuwa gidan haya in mutu."

In ruwa ya zo kusa, zan iya zama, Inna ta ƙare kwanakinta a ɗakinta. Iyakar abin da nake so ka sani ke nan. Sauran kai ka san lissafinka.

Ƙanwarka,
Bahijja


Boɗinga
Watan Fabrairu

Zuwa ga ƙanwata Bahijja,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso lafiya, ta same mu lafiya. Rashida tana gaishe ki da jiki, yara suna gaida kakarsu. Ki duƙa ki gaishe mini da Inna, ki ce na aiko da man zafi da ganyen shayi a hannun Jamilu. Ki gaida maigidanki Auwal in ya leƙo.

Ba ƙaramin kaya Liman ya ɗora mini ba. Ƙungiyar ma ta aiko da tata takardar da Turanci, sun ce in nuna musu wurin da ya dace da average na nisan gidaje, in rubuta dalilina. Bari in yi miki ɗan darasi, tunda ke ce kika riƙa gudu daga ajin lissafi kina cewa ciwon kai yake sa ki.

A inda mu muke cewa tsakiya ko matsakaici, Bature yana da kalmomi da yawa, kuma ba abu ɗaya suke nufi ba. Akwai mean. Shi ne a tara na kowa wuri ɗaya sannan a raba daidai. Ki tuna sandar ɗan ga-ruwa, inda yake sa kafaɗarsa kaya su daidaita, to nan ne mean. Halinsa shi ne, wanda ya yi nisa yana ja da ƙarfi. Gidajen Bappa biyar ne kacal, amma nisansu ya ja mean ya fitar da shi daga cikin gari, ya tsallakar da shi kwazazzabo, ya ajiye shi a burtali, inda babu ko bukka.

Akwai mode, wato inda abu ya fi taruwa. Wannan bakin masallaci ne, inda gidaje suka fi cunkushewa.

Sai median. Shi ba ruwansa da nisa. Jera gidajen za ki yi daga yamma zuwa gabas, ki nemi wanda ya tsaya a tsakiya, bakwai a bayansa, bakwai a gabansa. Ko Bappa zai ƙara gaba da tafiyar yini guda, median ba zai motsa ba. Shi kuwa average, sunan gidansu ne duka. Yawanci in an faɗe shi mean ake nufi, amma ukun duk suna amsawa.

Na buɗe taswira a waya, ana ganin rufin kowane gida. Na ƙirga daga yamma, na sake ƙirgawa daga gabas don kada in ruɗi kaina. Gida na takwas gidan Baba ne, Bahijja. Sai da na yi dariya ni kaɗai, Rashida ta leƙo ko lafiya. Kuma abin da littafi ya tabbatar shi ne, in ana so a rage tafiyar da gidajen duka za su yi in an haɗa ta wuri ɗaya, babu wurin da ya kai median. A lissafi dai magana ta ƙare.

Jarrabawa ta matso, ga takardun yara jibge. Da na samu sarari zan zauna in rubuta musu. Ki daina ɗaukar jarka da kanki, ki nemi wanda zai ɗora miki a jaki.

Yayanki,
Lirwanu


Tungar Rimi
Watan Maris

Zuwa ga Yayana Malam Lirwanu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, jarrabawa ta zo da sauƙi. Mu lafiya lau. Man zafin ya yi wa Inna amfani, ta ce Allah ya yi maka albarka, ya ba ka masu yi maka.

Yaya, da a ce haka kake koyarwa a aji da ban gudu ba. Na karanta wa Inna takardarka tun daga sallama har sa hannu. Wajen su mean da mode ta yi gyangyaɗi, amma da na zo gida na takwas sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Rabon da in ga haƙoranta tun rasuwar Baba. Ta ce ita dama ta san karatun nan da aka sha wahala a kansa ba zai tashi a banza ba.

Ka san Inna ba ta iya riƙe farin ciki. Gwaggo Hadiza ta shigo duba ta, kafin ta zauna an gaya mata. Ni ma ba zan ɓoye maka ba, na faɗa a bakin rijiya, don matan nan sun gaji, na ga ya kamata su ji abin da zai sanyaya musu rai. Yanzu har yara sun iya cewa median, ko da yake wasu "madina" suke cewa, sun ɗauka sunan injin ne.

Na sa an ɗauke turken awaki daga ƙofar gida, an share wurin tas, an kwashe tsohon dangan da ya faɗi. Inna ta sa na fito da ita a kan tabarma ta ga wurin. Ta ce a bar gindin dogon yaro don masu ɗiba su samu inuwa. Maigidana ya zo ran Juma'a, na nuna masa takardar, ya ce in haka ne shi ba shi da ta cewa, in zauna.

Abu ɗaya dai, babban ɗan Bappa ya wuce ta ƙofarmu jiya a kan babur, ya ga sharar, bai tsaya gaida Inna ba. Ban damu ba, Fatiha aka shafa, kuma ba mu muka jera gidajen ba.

Yaushe masu haƙar za su zo? Ka gaya mini da wuri in tanadi gero, Inna ta ce ba za a yi aiki a ƙofarta ba a sha fura ba.

Ƙanwarka,
Bahijja


Tungar Rimi
Watan Afrilu

Zuwa ga Malam Lirwanu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Dole in yi fata, tunda ban sani ba. Kasuwa bayan kasuwa Jamilu yana dawowa hannu wofi, yau ya ce ba ka nan, gobe ya ce kana aji. Na hau tudun Idi da wannan jikin na kira ka, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Na ce wa Inna jarrabawa ce ta riƙe ka. Mu dai muna nan. Inna ba ta cin abinci sosai.

Bari in ba ka labarin abin da ya faru, tunda ba ka da zuciyar zuwa ka gani.

Ran Talata da hantsi muka ji ƙugin mota. Yara suka ruga suna cewa ga ta nan. Babbar mota ce mai dogon ƙarfe a baya, wata na biye da bututu da tanki. Na dama fura cike da ƙwarya, na shimfiɗa tabarmi a gindin dogon yaro, na fito da Inna, ta sa na ɗaura mata sabon kallabi. Matan unguwa duk suka fito. Motar ta iso ƙofarmu, direba ya rage gudu saboda yara, ya ɗaga mana hannu, ya wuce. Muna tsaye muna kallo suka bi ta mashigin shanu, suka zagaye kwazazzabo ta can ƙasa, suka haura. Sai Inna ta ce: "Bar hurar ga ruhe, juyowa za su yi."

Har la'asar tana zaune tana jiran su juyo. Ƙarar injin tana iso mu daga burtali, ita kuma tana cewa wataƙila gwaji suke yi. Da kyar na shigar da ita. Furar awaki suka sha.

Na aika aka tambayi shugaban masu aikin, ya ce su takarda suka bi, kuma Malamin garin ne ya sa hannu. Ya ce har yaba takardar aka yi a ofis, Turancinta babu kuskure.

Yaya, kai ka koya mini kalmomin nan, ban roƙe ka ba. Kai ka ce mean yana faɗawa inda babu ko bukka. Kai ka ce median ne ke rage wa kowa tafiya. Kai ka rubuta da hannunka cewa magana ta ƙare. Da wani ne ya yi wannan, da na ce bai san garin ba, ya ga layi a takarda ya bi. Amma kai a kwazazzabon nan ka karye hannu kana yaro. Ka san yashinsa da rani, ka san yadda yake cika da damina. Ba jahilci ba ne, ka san komai, ka zaɓa.

Yanzu in na fita matan da na yi wa albishir sai su sunkuyar da kai, wasu su yi mini sannu kamar an yi mini mutuwa. Gwaggo Hadiza ta ce Fatiha ce, babu mai tayar da magana. Na sani. Ban rubuto don a tayar ba. Ina so ne ka gaya mini dalili, da Hausa, ba da kalmomin Bature ba. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba, ina jin kunyar a ce yayana ne.

Bahijja


Boɗinga
Watan Mayu

Zuwa ga ƙanwata Bahijja,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai dai ni ban da kwanciyar hankali. Ya jikin Inna, ya naki? Rashida ta aiko da garin kunu da sabulu. Na san ba su kike jira ba.

Takardunki biyu suna hannuna. Ban amsa ba don ban san ta inda zan fara ba. Kin ce in faɗa da Hausa, to ga shi.

Na ce a lissafi magana ta ƙare. Ban ce na rubuta ba, ban ce ki share ƙofar gida ba, ban ce ki kai maganar bakin rijiya ba. Kwana kaɗan bayan takardarki ta murna, Bappa Mainasara ya zo har makaranta. Ya same ni a ɗakin malamai, na ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a ƙasa da rawaninsa, ƙanin mahaifinmu, a gaban abokan aikina da shugaban makaranta. Bai ɗaga murya ba. Ya ce: "Lirwanu, ban taho in yi hwaɗa ba. Bisa amana munka shahwa Hwatiha. Yanzu gari duka na cewa ka jawo ruwa ƙohwar uwarka tun ba ka rubuta ba, har an share wuri. In haka na, hwaɗa min da bakinka in koma."

Me zan ce masa? In ce masa akwai wani abu wai shi median? Ko da zan kawo littattafan duniya in buɗe masa, abin da zai gani shi ne ɗan gida ya auna, awo ya faɗo a ƙofar uwarsa. Haka Liman zai gani, haka na tudu za su gaya wa 'ya'yansu da jikokinsu. Da kin yi shiru, da takarda ta tafi Sakkwato, da mota ta zo ta tsaya a ƙofar Baba, da sai in ce lissafi ne, kowa ya zo ya duba. Amma an riga an yi shara. Ke kika ɗaure mini hannu, Bahijja, ko da yake na san ba da nufi ba ne.

Kuma kada ki ce ƙarya na rubuta. Mean ma gaskiya ne. Shi ne wanda yake jin nauyin na nesa. Matan tudu ma mutane ne, da an sa a ƙofarmu da su tafiyar duka za ta hau. A takardar na rubuta average kamar yadda suka nema, na nuna yadda na tara na raba, babu wanda zai kama ni da kuskure. Na san za ki ce na tudu suna da amalanke da babura, ku kuwa jakin aro. Na sani. Amma ƙungiyar ba ta tambaye ni wa ke da amalanke ba.

Malamin makaranta ba shi da gona, ba shi da shanu, sunansa kawai gare shi. In aka ce na ci amanar Fatiha, da wane ido zan shiga garin nan, da wane baki zan tsawata wa yaro mai satar amsa? Ban yi barcin kirki ba tun ranar da na sa hannu, in wannan zai rage miki wani abu.

Duk da haka burtalin ya fi fadama kusa, ki yarda da wannan. Na yi magana da wani maƙeri zai haɗa muku kurar ruwa mai ɗaukar jarka huɗu, in an yi hutu zan kawo da kaina in roƙi Inna gafara. Ki lallashi Auwal ya ƙara haƙuri.

Yayanki,
Lirwanu


Tungar Rimi
Watan Agusta

Zuwa ga Yayana Malam Lirwanu,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya, kai da Rashida da yara. Damina ta yi kyau, gero ya fitar da kai. Inna tana nan yadda ka sani, sai ɗan abin da ya ƙaru. Ni kuma wata ya kama, ko yau ko gobe.

Na daɗe ban amsa ba, don duk wadda na fara rubutawa sai in ga ba ta dace a aika wa yaya ba, in yaga. Kurar ta iso, an gode, ko da yake hutun ya zo ya kusa ƙarewa ba mu ga mai ita ba. Tana nan jingine a zaure. Ba a tura kura a yashi, ba a kuma tura ta cikin ruwa.

Ka ce ni na ɗaure maka hannu. Na yarda na yi surutu, na ɗauki nawa. Amma ka duba da kyau, shara ba ta canja inda gida na takwas yake ba. Abin da ta canja shi ne abin da za a faɗa a kanka. Ka ɗora sunanka a gefe ɗaya, ka ɗora Inna da gida goma a ɗaya gefen, sunanka ya rinjaya. To ka samu abin da ka zaɓa. Ko jiya a wajen suna na ji ana cewa Malam Lirwanu mutum ne mai gaskiya, ko uwarsa bai duba ba. Yabo suke yi, Yaya.

Ga labarin famfonka. Da yake babu gida kusa, sai aka kewaye shi da waya aka sa kwaɗo saboda ɓarayin sola, mabuɗi yana hannun ɗan Bappa tunda shi ke da babur. Yana buɗewa lokacin da zai shayar da shanu. Sun gina kwami a gefe, wurin ya zama taɓo, mace sai ta jira garke ya gama sannan ta kai jarka. In an yi ruwan sama kwazazzabo ya cika, sai mu tsaya a wannan gaɓa muna hango tanki yana ambaliya. Ruwan indararo muke tara yanzu, in an kwana biyu ba a yi ruwa ba mu koma ɗiban na gulbi muna tacewa da kallabi. Wancan makon santsi ya kwashe ni a gangaren, Allah ya tsare, gwiwa kawai na ƙuje. Labari ya kai Shagari.

Maigidana zai zo ran Juma'a ya ɗauke ni, kuma wannan karon ban roƙe shi ba. Ya yi magana da mai mota zai kawo maka Inna ran Asabar, kafin mu tashi. Ka sa a ba ta ɗakin da ke kusa da bayan gida. Ba ta iya kwanciya ta ɓarin hagu. Ana juya ta cikin dare, in ba haka ba bayanta yana yin gyambo. Ba ta shan kunu da sukari, kuma ba za ta ce tana jin fitsari ba a gaban Rashida, sai an lura da ita. Ruwa kuwa za ku ga yadda take cinye shi, amma ku kuna da famfo a tsakar gida.

Na koyi lissafin naka, har na yi wani da kaina. Maƙwabcinmu Malam Abdullahi ya kwashe iyalinsa ya koma Kajiji tun farkon damina, ya ce ya gaji. Namu ne gida na biyu da za a rufe. Gida takwas suka rage a nan, biyar a tudu. In uku suka ƙara tashi, za a zama biyar da biyar, babu sauran gidan da ke tsakiya, sai filin da ke tsakani, daidai inda ka sa famfo. Ranar nan median zai taka da ƙafarsa ya same ka a burtali, kowace kalma ta Bature ta ba ka gaskiya. Ka ƙara haƙuri kaɗan, gidan Gwaggo Hadiza ma sun fara ɗaure kaya.

Abu na ƙarshe. Inna ba ta san tafiyar ke nan ba. Na ce mata asibitin Boɗinga za a kai ta a duba ƙafa, kwana biyu ta dawo. Ta sa na bar mata tasbaharta ta katako a kan ƙusa, ta ce ba sai an ɗauka ba. Na yi ƙoƙarin gaya mata har sau uku, bakina ya ƙi. In ta fara tambayar yaushe za a mayar da ita ɗakinta, kai za ka zauna a gabanta ka yi mata bayani, tunda kai ka iya bayani.

Ƙanwarka,
Bahijja